Kuɗin soja a Ghana: tambayoyin da 'yan Zango ke yi, da amsoshinsu

Duk sanda ministan kuɗi ya shiga majalisa da bajet, ko aka ji wai gwamnati za ta sayi jirgi ko motocin yaƙi, gardama ɗaya ce ke tashi a bes ɗin ataya, wato majalisar shan shayi, nan Kumasi tun daga Aboabo har Asawase da Sawaba da Alabar. Wani ya ce ana sata, wani ya ce kai rufe bakinka harkar tsaro ce, na uku kuma ya juya zancen ya koma siyasa, shi ke nan a watse ba a fahimci komai ba. To ga tambayoyin da suka fi maimaituwa yadda mutane ke yin su. Ba ruwana da jam'iyyar lema (NDC) ko ta giwa (NPP) a nan, kowacce ta riƙe ma'aikatar tsaro, kowacce kuma akwai tambayar da ya kamata ta amsa.

Malam, mu da ba kaki muke sawa ba, ina ruwanmu da kuɗin bariki?

Kuna ciki ruwa da tsaki. Kuɗin nan harajin da ake cire maka ne in ka sha mai a babur, in ka sayi katin waya, in Hajiya ta fito da kayanta daga tashar jirgin ruwa ta Tema. Sannan ka leƙa barikin Uaddara nan cikin gari ko Kamina a Tamale ka ga ko 'ya'yan wa ke ciki, da yawa namu ne, ƙannenmu da 'ya'yan maƙwabta. In an ci kuɗin takalmi, ƙafar ɗan unguwarku ce za ta sha ƙaya a dajin Bawku.

Kuma tsohuwar alaƙa ce. Rundunar da Turawa suka kafa wadda daga baya ta zama sojan Ghana, da Hausawa da mutanen arewa aka soma ta, har Hausa ce ta zama harshen bariki shekaru da yawa, wanda ke son gani da ido ya je gidan tarihin soja da ke tsohuwar ganuwar Turawa a Adum. Kar a manta kuma, ranar 28 ga Fabrairun 1948 da aka harbe Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Odartey Lamptey a mararrabar Osu, tsofaffin sojoji ne da suka dawo daga yaƙin duniya suna tafiya kai kukansu ga Gwamna a kan haƙƙoƙinsu da ba a biya ba. Rikicin da ya biyo baya na cikin abin da ya gaggauta 'yancin 1957. Wato maganar kuɗin ƙaramin soja ta taɓa girgiza ƙasar nan tun daga tushe.

Wai nawa ne ma Ghana ke kashewa a kan soja?

Kaɗan ne in aka gwada da wasu. Cibiyar SIPRI ta ƙasar Suwidin da ke lissafin wannan abu ta ce a 2024 duniya gaba ɗaya ta kashe dala biliyan 2,718 a kan soja, namu a ciki ko ƙwayar gero bai kai ba, shekaru da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa ba. Kuma mafi yawansa albashi da alawus ne ke cinyewa. Abin da ya rage shi za a raba wa mai da abinci da kaki da gyaran jirage da gidajen bariki da sayen sabon kaya. Shi ya sa ma abin ya fi zafi, ƙasar da ke da yawa in an yagi wani abu ba ta ji sosai, mu kuwa in an yaga sai wata mota ta kwana a kan dutse ba taya.

To ai harkar tsaro sirri ce, ya za a baje ta a faifai maƙiya su gani?

Wannan ita ce tambayar da ake rufe bakin kowa da ita, kuma akwai gaskiya a cikinta, sai dai gaskiyar ba ta kai girman da ake ba ta ba. Eh, inda aka girke sojoji a iyakar Burkina, yawan harsashin da ke ma'ajiya, na'urar da ake sauraren 'yan ta'adda da ita, wanda ake biya ya kawo rahoto daga cikin daji, duk wannan ba mai hankalin da zai ce a karanta a rediyo. Amma don Allah ɗan'uwa buhun shinkafa fa? Siminti da rodi na ginin bariki? Litar gas, katifa, takalmi, maganin zazzaɓi a asibitin soja na 37 da ke Accra? Farashin waɗannan kowace 'yar kasuwa a Kejetia ta san shi a ka, kuma in ka cire albashi irin waɗannan kayan su ne kaso mai tsoka na abin da soja ke saye. Ba wani ɗan ta'adda da zai ci galaba a kanmu don ya san nawa aka sayi galan ɗin man gyaɗa.

Dubi Yukiren, ƙasar da bama-bamai ke sauka a kanta. A Janairun 2023 wani ɗan jarida ya fallasa kwangilar abincin soja inda aka rubuta ƙwai ɗaya a kan 17 na kuɗinsu alhali a kanti wajen 7 yake. Ba a ce ana yaƙi a yi shiru ba, mataimakin minista ya sauka, majalisa ta sa a koma bayyana farashin kayan da ba makamai ba, kafin shekarar ta ƙare shi kansa ministan tsaron an canza shi. In mai yaƙi da Rasha zai iya bayyana kuɗin ƙwai ban ga hujjarmu ba.

Ko abin da yake sirri na gaske ma, akwai bambanci tsakanin a ɓoye wa jama'a da a ɓoye wa kowa. Ana iya zaɓar 'yan majalisa kaɗan daga ɓangarorin biyu da masu binciken kuɗi da aka tantance, su rantse, su shiga ɗaki a rufe ƙofa su ga takardun. Kamar kwamitin ginin masallaci ne, ba dole a faɗi sunan wanda ya ba da sadaka a ɓoye ba, amma dole liman da dattawa biyu su ga littafin, in ba haka ba ranar da rufi ya tsaya ma'aji kaɗai za a kalla ko da bai ci ko kobo ba.

Ta ina kuɗin ke zurarewa in zai zurare?

Hanyoyin ba su da yawa kuma kusan iri ɗaya ne a ko'ina. Babba ita ce ƙari a farashi. Mu ɗauki misali kawai, ana son tayoyin manyan motoci. In aka yi talla kamfanoni biyar suka kawo farashi, kowa na tsoron ɗan'uwansa, farashin zai zauna kusa da abin da dillalan Suame Magazine, kasuwar kayan mota, suka sani. Amma in aka ce abin gaggawa ne kuma na tsaro, sai a kira mutum ɗaya, kamfaninsa watakila watanni kaɗan da rajista, ofishinsa jakar hannunsa, shi ma zuwa zai yi ya saro a wajen waɗancan dillalan ya ninka, a rubuta takarda tsaf, sitokipa ya sa hannu an karɓi kaya, akawu ya sa hannu, a biya. Kowace takarda daidai take, in odita ya zo ya duba fayil ba zai ga komai ba sai in ya tashi ya shiga sito da kansa ya ƙirga tayoyin, ya duba shekarar da aka ƙera su a jikin robar, sannan ya ɗaga waya ya tambayi farashin kasuwa. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2003, mai lamba 663 wadda aka yi wa gyara a 2016, ta yarda a ba mutum ɗaya kwangila ba gasa a wasu halaye, har da na tsaron ƙasa, amma da amincewar hukumar kula da sayen kaya. Ƙofar halal ce, matsalar in ta zama ita ce ƙofar shiga ta kullum.

Sai kayan da aka biya ba su iso ba, ko suka iso tsofaffi an shafa musu fenti. Sai sojan bogi, wato suna na kan takardar albashi mutum kuwa ya mutu ko ya gudu ko ba a taɓa haihuwarsa ba. A Iraƙi a ƙarshen 2014 firaministan ƙasar da bakinsa ya ce an gano irin waɗannan sunaye 50,000, watanni kaɗan bayan birnin Mosul ya faɗi. Sai mai, wanda shi ne ya fi sauƙin sata don ba a ganin sawunsa, a rubuta mota ta je sintiri alhali tana fake. Sai kuma ɗan tsakiya, mai kamasho, wanda ba ya ƙera komai ba ya gyara komai, sanin mutane kawai yake sayarwa.

Irin haka ya faru a maƙwabta, ko dai labarin nesa ne?

Yawancinmu muna da dangi a Najeriya ko Nijar, su tambaye su. A Najeriya an kama tsohon mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro Sambo Dasuki a Disambar 2015 bisa zargin karkatar da dala biliyan 2.1 na sayen makamai, ya yi shekara 4 a tsare, shi kuma ya musanta. Abin da ya fi ci min rai shi ne a Disambar 2014, lokacin da ake zargin kuɗin na tafiya, kotun soja ta yanke wa ƙananan sojoji 54 hukuncin kisa don sun ƙi fita fagen daga, su kuma kukansu ba a ba su makaman da za su tunkari Boko Haram ba. Daga baya aka sassauta zuwa ɗaurin shekara 10. A Nijar kuma binciken da aka yi wa ma'aikatar tsaro a 2020, rahoton farko ya nuna wajen sefa biliyan 76 sun salwanta ta hanyar ƙarin farashi da kayan da ba a kawo ba, kuma wannan ya fito ne jim kaɗan bayan kashe sojoji da yawa a Inates da Chinagoder.

Maganar Airbus fa, an ci ko ba a ci ba?

Ga abin da ke rubuce. A ƙarshen Janairun 2020 kamfanin ƙera jirage na Airbus ya amince ya biya tarar yuro biliyan 3.6 ga Faransa da Ingila da Amurka don a dakatar da shari'ar cin hanci a ƙasashe da dama. A takardun kotun Ingila sunan Ghana ya fito, a kan cinikin jiragen dakon soja guda 3 samfurin C-295 tsakanin 2009 da 2015, inda aka ce kamfanin ya yi alkawari ko ya biya kusan yuro miliyan 5 na kamasho ta hannun wani ɗan tsakiya da ke ɗan'uwan wani babban zaɓaɓɓen jami'i, mutumin da ba shi da wata gogewa a harkar jirage. Shugaba Akufo-Addo ya miƙa zancen ga mai gabatar da ƙara na musamman Martin Amidu. A Agustan 2024 magajinsa Kissi Agyebeng ya fito ya ce jami'in John Mahama ne, wanda ya yi mataimakin shugaban ƙasa sannan shugaba a shekarun cinikin, amma ofishin Agyebeng bai sami shaidar cewa shi ko wani jami'in Ghana ya karɓi cin hanci ba, ya rufe fayil.

To kowa ya riƙe ɓangaren da ya yi masa daɗi. Ni abin da na ɗauka daban ne: duk wannan bayani daga kotun Landan muka ji shi, shekaru bayan jiragen sun sauka. Da akwai ƙa'idar da ta tilasta wa duk kamfanin da zai sayar mana da kayan soja ya rubuta sunan wakilinsa da kamashon da zai ba shi, a ajiye gaban majalisa kafin a sa hannu, da tun ranar farko an san dangantakar, ko a hana ko a yarda da ido buɗe, da ba a kwashe shekara 4 ana jifan juna da ita ba.

Yaya, asibitin sojan Afari da muke wucewa a hanyar Nkawie, me ya tsayar da shi?

Wannan kam namu ne na nan Asante. Gado 500, kuɗinsa wajen dala miliyan 180, an soma aikin a 2014 da niyyar gamawa cikin 'yan shekaru, aka haura shekara 10 gini na tsaye ba a kwantar da marar lafiya ba, asibitin Komfo Anokye kuwa na cike har baranda. An sha jin dalilai, biyan ɗan kwangila, harajin kayan da aka shigo da su, canjin gwamnati. Darasin a nan shi ne asara ba sai an sa kuɗi a aljihu ba. Na'urar asibiti in ta zauna a kwali garantinta na ƙarewa, ginin da ba kowa ciki na lalacewa, sidi na faɗuwa farashin ragowar aiki na hawa. Irin wannan aikin ya kamata duk wata shida ma'aikatar ta kai wa majalisa takarda ɗaya, nawa aka biya, nawa ya rage, kashi nawa aka gama, wa ke riƙe da aikin. Ba ko ɗigon sirrin tsaro a cikin ginin asibiti.

Sojojinmu da ke zuwa aikin wanzar da zaman lafiya a Labanan da Sudan ta Kudu, gaskiya ne Majalisar Ɗinkin Duniya na biyan fiye da abin da ake ba su?

Gaskiya ne, amma a fahimci tsarin. Majalisar Ɗinkin Duniya gwamnati take biya ba soja ba, tun Yulin 2022 dala 1,448 ne a wata kan kowane mutum, kowace ƙasa kuma ita ke yanke abin da za ta ba nata. A Ghana an ɗaga alawus ɗin zuwa dala 35 a rana a 2017, in ka lissafa kwana 30 ya kama 1,050. Ragowar ba lalle a ce an ci ba, akwai horo kafin tafiya da kaki da gwajin lafiya da sauransu. Ban da wannan akwai wani kuɗin daban da ake biyan ƙasa na hayar motoci da kayan aikin da ta tafi da su. Ghana na wannan aiki tun Kwango a 1960, dala ce mai yawa ke shigowa, kuma kowa a Zango ya san gidan da aka gina da kuɗin mishan. Abin da ake buƙata kawai a ga lissafin a fili duk shekara, nawa ya shigo, nawa aka ba sojoji, nawa aka sa a kaya, saura na wane asusu. Rashin wannan ne ke sa jita-jita ta cika bariki, jita-jita a bariki kuwa ba abin wasa ba ce.

Wa doka ta ɗora wa alhakin bin sawun kuɗin?

A takarda Ghana ba ta da talaucin doka. Kundin tsarin mulki na 1992 ya ce ba a fitar da kuɗi daga baitulmali sai da amincewar majalisa. Dokar sarrafa kuɗin gwamnati ta 2016 mai lamba 921 ta ce a kai bajet majalisa kafin 15 ga Nuwamba in ba shekarar zaɓe ba, kwamitin tsaro da harkokin cikin gida ya duba kason soja kafin a amince. Sashe na 181 na kundin tsarin mulkin ya ce bashi da manyan yarjejeniyoyin kasuwanci da ƙasashen waje sai sun bi ta majalisa. Sashe na 187 ya ba babban odita ikon binciken asusun duk ma'aikatun gwamnati, ba a cire ta tsaro ba, ya kai rahoto cikin wata 6 bayan ƙarshen shekara. Daga nan sai kwamitin binciken asusun gwamnati, wanda ɗan adawa ke shugabanta, ya kira jami'ai a talabijin.

Wanda ya taɓa kallon zaman nan ya san yadda yake. Babban darakta na zaune da kwalbar ruwa a gabansa yana juya fayil, a tambaye shi ina rasit, ya waiga baya ya yi raɗa da akawu, ya ce ranka ya daɗe lokacin ban zo ofishin ba, shugaban kwamiti ya ce a kawo takardun cikin mako biyu, kyamara ta koma kan wani. Bayan mako biyun fa? Nan ne lissafin ke mutuwa, don ba mai dawowa ya gaya mana an kawo ko ba a kawo ba.

Alhali odita na da wani makami mai kaifi, sashe na 187 ɗin ya ba shi ikon ya ƙi amincewa da kashe kuɗin da ya saɓa doka ya kuma ɗora wa wanda ya jawo asarar ya biya daga aljihunsa. An yi shekaru ba a taɓa makamin ba sai da ƙungiyar OccupyGhana ta kai ƙara, Kotun Ƙoli a 2017 ta ce dole a yi amfani da shi. Babban odita na lokacin Daniel Domelevo ya soma, a 2020 aka tura shi hutun dole, a 2023 Kotun Ƙoli ta ce tura shi hutun ya saɓa tsarin mulki, amma a lokacin ya riga ya bar ofis. Duk oditan da ya zo bayansa ya ga abin da ya faru, mutum ne shi ma, yana da iyali.

Kawu ya ce in farar hula suka matsa wa soja da bincike juyin mulki za su yi. Ba gara a lallaɓa ba?

Da girmamawa ga Kawu, tarihi akasin haka ya nuna. Ƙaramin soja ba ya fushi da odita, da wanda ya ci abincinsa yake fushi. A Nuwambar 2021 aka kai hari Inata a arewacin Burkina aka kashe mutum 53 galibinsu jandarmomi, sai ga takarda ta fito cewa sun yi mako biyu suna kukan abinci ya ƙare har suna yanka dabbobin da suka samu a kewaye. Wata biyu bayan nan aka kifar da Shugaba Kabore. Mu kanmu nan, dattawan da suka ga 1979 su ba da labari, fushin ƙananan sojoji a kan manyansu da kalabule, wato cuwa-cuwar kasuwa, ne ya haifi juyin mulkin 4 ga Yuni, aka ɗaure manyan hafsoshi 8 aka harbe har da tsofaffin shugabannin ƙasa 3, Acheampong da Akuffo da Afrifa. Ba wanda ke fatan a sake ganin irin wannan rana. Hafsa mai gaskiya ma bincike kariya ce gare shi, don in ba lissafi kowa ɓarawo ne a idon yaransa.

Na ji ko Amurka ba ta iya lissafin kuɗin sojanta, mu su wa?

Haka ne, ma'aikatar tsaron Amurka ta soma cikakken odit a 2018 kuma zuwa 2024 sau 7 a jere ba ta tsallake ba, da bajet sama da dala biliyan 800. Amma ka lura, su da kansu ke fitowa duk shekara su sanar sun faɗi, su lissafa inda ramukan suke, kuma rundunar sojan ruwansu na ƙundumbala ta riga ta tsallake nata. Namu kuma ɗan ƙarami ne, ya fi sauƙin ƙirgawa nesa ba kusa ba.

To me za a gyara, a taƙaice?

In ni za a tambaya, farko a raba bajet ɗin gida biyu a rubuce, na fili da na sirri, a sa wa na sirrin iyaka, kuma a fayyace wa ke duba shi, kada kalmar tsaro ta zama bargon da ake lulluɓa komai. A sa wani adadi wanda duk kwangilar da ta haura shi sai kwamitin majalisa ya gani kafin a sa hannu, Jamus na yin haka ga duk cinikin soja da ya wuce yuro miliyan 25. A san ainihin masu kamfanin da aka ba kwangila, ba sunan direba ko ƙanin mata ba. Albashi da alawus su tafi kai tsaye asusun mutum bayan an ɗauki hoton yatsa. Kuɗin da soja ke samu da kansa, na asibiti, na aikin gini da injiniyoyinsa ke yi, na masana'antar takalmi ta DIHOC da ke nan Kumasi, duk su shiga lissafin da odita ke gani.

Akwai kuma wanda ba a cika magana a kai ba, kuɗin gyara da kulawa. 'Yan siyasa na son sayen sabo don ana yanka ƙyalle a ɗauki hoto, ba wanda ke ɗaukar hoto da safaya. Hatsarin jirgi mai saukar ungulu na 6 ga Agustan 2025 a yankin Adansi kan hanyar Obuasi, wanda ya ci mutum 8 har da ministan tsaro Edward Omane Boamah da ministan muhalli Ibrahim Murtala Muhammed da jami'in tsaron ƙasa Alhaji Muniru Limuna, Allah ya jiƙan musulmin ciki ya ba iyalai duka haƙuri, masu bincike sun danganta shi da yanayi da iskar da ta danno jirgin ƙasa, ba su ce sata ba, amma sun nuna jirgin ba shi da wasu na'urorin kariya na zamani irin mai gargaɗin kusantar tudu. Irin wannan tambayar a zaman bajet ake yin ta, kafin a sayi jirgi a tambaya nawa zai ci a shekara 20 na aikinsa kuma daga ina kuɗin zai fito.

Ni talaka a Sabon Zango me zan iya yi? Kuma in ƙanina soja ya ga ana ɓarna, ina zai kai?

Ma'aikatar kuɗi na sa kiyasin bajet na kowace ma'aikata a intanet har da ta tsaro, rahoton odita ma haka, matasanmu da suka yi jami'ar KNUST su sauke su karanta wa mutane da Hausa a rediyon unguwa da bayan sallar isha'i. Dokar 'yancin samun bayani ta 2019 mai lamba 989 ta ba kowa damar rubuta wa ma'aikata ya nemi bayani, jami'in na da kwana 14 ya amsa, akwai keɓewa ga abin da ya shafi tsaro amma dole a faɗa maka dalilin hanawa kuma kana iya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da ke kula da dokar. Ka tambayi abin da ba za a iya kira sirri ba, kamar nawa aka biya a aikin Afari zuwa yau. In ɗan majalisarku ya zo ɗaurin aure ko Maulidi, bayan an gama gaisuwa a tambaye shi wannan ma, ba kuɗin makaranta da buhun shinkafar azumi kaɗai ba.

Shi kuma ƙanin naka, kada ya kuskura ya ɗauki hoton takardar soja ya watsa a WhatsApp ko Facebook, wannan zai kai shi kotun soja ko da gaskiyarsa, kuma ɓarawon ya sami abin fakewa. Akwai dokar kare masu fallasa ta 2006 mai lamba 720. Ta lissafa waɗanda za a iya kai wa rahoto, ciki har da babban odita da hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta CHRAJ da ɗan majalisa, har ma da sarki da shugaban addini da dattijon dangi, su kuma su miƙa ga babban lauyan gwamnati. Ana iya faɗa da baki a rubuta maka a karanta maka da harshen da kake ji kafin ka sa hannu, kuma in rahoton ya sa an ƙwato kuɗi dokar ta tanadi lada har kashi 10 cikin 100. Ofishin mai gabatar da ƙara na musamman ma na karɓar ƙorafi a kan cin hanci da harkar kwangila. Ya rubuta rana da wuri da lambar mota ko lambar takarda a littafinsa na kansa, ya nemi lauya ya ji matsayinsa a ƙarƙashin dokar soja kafin ya buɗe baki, kuma ban da matarsa da lauyan kada ya gaya wa kowa a bes.